Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tseren Keke Mai Dogon Zango da Darasinsa ga Malamin Makaranta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a ƙauyukan da ke kewaye da Yako, cikin ƙaramar hukumar Kiru ta jihar Kano, ba zai rasa cin karo da magidanci a kan keke ba, ya ɗaure buhun masara ko damin rake a kariya, yana ratsa turba da burtali ya nufi kasuwa. Mutumin nan ba ya kiran abin da yake yi wasa, kuma babu mai tafa masa in ya isa. A wasu sassan duniya kuwa, irin wannan tafiya ta keke a kan hanyar da ba kwalta, da kaya a ɗaure, ta zama gasa mai suna, wadda mutane ke shafe watanni suna yi wa shiri.

Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne, tseren keke mai dogon zango ya fi yawancin wasannin da aka aro dacewa da ƙasar Hausa, musamman kudancin Kano, domin ginshiƙinsa shi ne shiri da dogaro da kai da riƙon amana, waɗanda fataken wannan yanki suka gada kaka da kakanni. Saboda haka ya kamata malamin makaranta ya ɗauke shi a matsayin hanyar tarbiyya, bayan ya gyara masa zama yadda zai dace da yara da kuma halin da ƙasa take ciki.

2.0 Yadda Gasar Take

A wannan gasa, akan zana hanya guda mai tsawon ɗaruruwa ko dubban kilomita, mafi yawanta burji da turbar daji da hawan dutse. Mahaya sukan tashi lokaci guda, daga nan kuma agogo ba ya tsayawa sai mutum ya isa ƙarshe. Barci da cin abinci da gyaran keke duk a cikin lokacin mahayi ake lissafa su. Kowa zai ɗaure abin kwanciyarsa da abincinsa da ruwansa da kayan gyara a jikin kekensa. Babu motar da ke bin sa a baya, kuma ba a yarda wani nasa ya tare shi a hanya da taimakon da aka shirya masa shi kaɗai ba. Abin da aka yarda da shi shi ne ya sayi abinci a kanti, ko ya kwana a masauki, ko ya kai kekensa wurin mai gyara, muddin dai wannan dama a buɗe take ga kowane mahayi. Akan maƙala wa kowa wata 'yar na'ura da ke nuna inda yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, don a tabbatar bai yanke hanya ba, kuma a san inda za a same shi in ya shiga matsala.

Mafi shahara a cikin waɗannan gasanni ita ce Tour Divide, wadda aka fara a 2008. Takan tashi a watan Yuni daga garin Banff na ƙasar Kanada, ta bi jerin duwatsun yammacin Amurka har zuwa Antelope Wells a kan iyakar Meziko, nisan kusan kilomita 4,400. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba a ba wanda ya yi nasara ko sisin kwabo. A 2016 wani Baturen Birtaniya mai suna Mike Hall ya gama ta cikin kwana 13 da awa 22 da minti 51, wato a kowace rana yana cin fiye da kilomita 300, nisan da ya zarce daga Kano zuwa Kaduna. A 2018 aka fara irinta a duwatsun Kirgistan, mai suna Silk Road Mountain Race. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, domin a 2020 aka fara Atlas Mountain Race a Maroko, wadda ta tashi daga Marrakesh, ta fi kilomita 1,100, kuma Sofiane Sehili na Faransa ya lashe ta cikin ƙasa da kwana 4. A wannan shekarar ce kuma aka fara gasar kewaya Ruwanda mai kimanin kilomita 1,000.

Abin lura a nan shi ne, wannan gasa ta bambanta da tseren keke na kan kwalta, irin Tour du Faso da aka fara a Burkina Faso a 1987, inda ake tsere na 'yan awoyi a wuni, motoci na biye da mahaya da ruwa da tayoyi, dare ya yi kowa ya kwanta a masauki. A tseren dogon zango, sauri kashi ɗaya ne kawai na nasara. Wanda ya iya lissafin ruwansa, ya san lokacin tsayawa da lokacin tashi, ya iya gyara abin da ya lalace da hannunsa, sau da yawa shi kan riga mai ƙarfin ƙafa isa.

3.0 Gadon Fatauci

Idan aka dubi waɗannan ƙa'idoji da idon basira, za a ga ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata, su nufi Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, ta cikin dazuzzuka da mashigan koguna. Bebeji, maƙwabciyar Kiru, tana cikin garuruwan Agalawa da suka yi fice a wannan sana'a. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, ɗan gidan madugai, wanda shi ma ya yi fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya zama hamshaƙin attajirin da tarihi ya sani.

Falke ba ya tashi sai ya auna guzurinsa da nisan zango. Ya san inda rijiya take, da inda ake fito, da inda ba a kwana. Ya san nauyin da jakinsa zai iya ɗauka, domin kayan da suka yi yawa su ne kan kashe dabba a tsakiyar daji. Wannan lissafi shi ne dai mahayin keke yake yi a yau sa'ad da yake auna kowane abu kafin ya ɗaure shi a keke.

Ga mai nazarin harshe, akwai wata riba ta daban. Sau da yawa idan sabon abu ya shigo, akan yi gaggawar aro masa kalmomi, alhali harshen yana da nasa a ajiye. Hausa tana da "zango" ga wurin da ake tsayawa a duba mahaya, da "yada zango" da "cin zango". Tana da "guzuri" ga abincin tafiya, da "jagaba" ga wanda ke shigewa gaba ya duba hanya, da "madugu" ga shugaban tafiya, da "ayari" ga taron matafiya, da "sammako" ga tashin asuba. Shi kansa keken yana da sunaye fiye da ɗaya, domin akwai "basukur" da aka aro daga Ingilishi, akwai kuma "laulawa" a wasu kare-karen harshen. Ya kuma shiga adabi tun da daɗewa, tunda Aliyu Namangi na Zariya ya yi Waƙar Keke. Kalmomin fatauci suna neman ɓacewa daga bakin yara saboda sana'ar da ta haife su ta kau. Hanya mafi sauƙi ta raya kalma ita ce a ba ta sabon aiki, kuma ga aikin nan ya samu.

Har yau wannan jini bai ƙare ba a Afirka ta Yamma. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke da niyyar zuwa Jami'ar Azhar ta Masar neman ilimi. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata 4, an tsare shi a hanya har sau 3, kafin ya isa Cadi, inda masu alheri suka saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Wannan ya nuna cewa juriyar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai tarbiyyantar da ita.

4.0 Shiri Kafin Tafiya

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin wannan tsere ya kasu kashi huɗu, kuma kowane kashi darasi ne da za a iya koyarwa a aji.

Na farko shi ne shirin jiki. Jiki ba ya karɓar wahala farat ɗaya. Mai shiri zai fara da ɗan gajeren zango, kamar kilomita 15 ko 20, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako, yana barin ranakun hutu a tsakani. Daga baya sai ya koma hawa kwana biyu a jere da kayansa a ɗaure, domin keke mai kaya daban yake da keke fayau, kuma gajiyar rana ta biyu ba irin ta ranar farko ba ce. Abin da ya fi fitar da mahaya daga gasa ba ƙarancin ƙarfi ba ne kaɗai. Akwai gurjewar mazaunai a kan sirdi, da ciwon gwiwa idan sirdin ya yi ƙasa, da sanƙarewar yatsu saboda girgizar hanya. Duk waɗannan a lokacin gwaji ake gano su a yi maganinsu.

Na biyu shi ne shirin keke. A ƙasar Hausa babban abokin gabar taya shi ne ƙaya, musamman tsidau da ke shimfiɗe a bakin turba, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Don haka mahayin da bai iya faci ba bai shirya ba. Dole ya tafi da famfo da kayan faci da sifana da robar cikin taya ta ko-ta-kwana, ya kuma iya ɗaure birki da mayar da sarƙa in ta zame ko ta tsinke. Ƙurar hunturu takan busar da sarƙa, saboda haka ɗan mai da tsumma suna cikin kayan dole. Makarantar wannan fanni ba ta da nisa, domin da wuya a sami kasuwar ƙauye da babu mai gyaran keke a gindin bishiya. Malamin da ya gayyato irin wannan gwani ya koya wa ɗalibai faci ya yi abu biyu a lokaci guda: ya ba su sana'a, ya kuma nuna musu cewa ilimi bai tsaya ga mai alli ba.

Na uku shi ne guzuri. Mai aiki tuƙuru a cikin zafi yakan yi asarar ruwan jiki da ya kai lita 1 ko fiye a cikin awa guda ta hanyar gumi, kuma gumin yakan fita da gishiri. Shan ruwa zalla ba ya mayar da wannan gishiri, shi ya sa haɗin da aka sani a asibiti, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, yake da amfani ga matafiyi. Game da abinci kuwa, Bahaushe ba ya bukatar sayen komai daga waje. Dabino da dakuwa da ƙuli-ƙuli da kilishi da soyayyar gyaɗa da aya duk abinci ne marasa nauyi, masu ba da ƙarfi, waɗanda ba sa saurin lalacewa. Ƙa'idar ita ce a ci kafin yunwa ta kama, a sha kafin ƙishi ya tsananta.

Na huɗu shi ne sanin hanya da lokaci. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokaci ne da zafi kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, don haka ba lokacin doguwar tafiya ba ne. Da damina kuwa rafuka sukan cika, laka ta riƙe taya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, sa'ad da ƙasa ta bushe, rana ta yi sauƙi, ko da yake sai an tanadi rigar sanyi da abin rufe hanci. Ɗalibin da aka ba taswira ya auna nisan zango, ya raba shi da saurin tafiyarsa, ya fitar da awoyin da zai yi da litar ruwan da zai bukata, ya yi lissafi da labarin ƙasa da kimiyyar lafiya a zama ɗaya, kuma ya san cewa in ya yi kuskure ƙishirwa ce za ta gyara masa.

5.0 Dacewar Kudancin Kano

Yankin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa yana da kusan duk abin da masu zana irin wannan hanya suke nema. Akwai shimfiɗaɗɗun gonaki da turbobin da suka haɗa ƙauye da ƙauye. Akwai madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Idan aka nausa kudu, ƙasa takan fara tudu da gangare har a kai duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka yi haƙar kuza a da. Uwa-uba kuma akwai mahayan da suka saba da wannan ƙasa tun suna yara.

Abin da ya rage shi ne daraja. A da, sabon keke ƙirar Raleigh abin alfahari ne ga malamin makaranta da ma'aikacin gona. Da babur ya yawaita, sai keke ya koma alamar rashi a idon matasa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunansu, amma da yawa sun hau ne bisa tilas, suna jin kamar sun ci baya. A ɓangaren hukuma ma labarin bai canza ba. Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga wani rukuni na gasar. Idan ana so wannan hali ya sauya, daga makaranta za a fara, domin a nan ne yaro ke koyon abin da ake girmamawa da abin da ake rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma makarantar da ba ta da filin wasa mai kyau ba za ta rasa turba a bayanta ba.

6.0 Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin wannan ra'ayi bai dace ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Hujja ta farko ita ce tsada. Gaskiya ne kekunan da ake shiga manyan gasanni da su sun fi ƙarfin talaka. Amma gasar makaranta ba ta bukatarsu. Idan aka ƙayyade cewa kowa da keken gida zai shiga, an daidaita mai shi da mara shi, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Hujja ta biyu ita ce haɗari, kuma ita ce mafi nauyi. Shi kansa Mike Hall mota ce ta kaɗe shi ya mutu a 2017 a lokacin wata gasa a Ostareliya. Rage barci don a riga abokin hamayya, wanda manyan mahaya ke yi, abu ne da bai kamata a kwaikwaya da yara ba ko kaɗan. Haka kuma dajin Falgore, da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ya yi fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka mayar da shi filin atisaye a 2017. Amsar wannan hujja ita ce a gyara tsarin. Kada a yi tafiyar dare. Agogo ya tsaya da faɗuwar rana. A kauce wa manyan tituna da cikin daji, a bi turbobin da ke tsakanin garuruwa. A nemi izinin iyaye a rubuce, a sanar da hakimi da dagatai da jami'an tsaro, a ajiye ma'aikacin lafiya a kowane zango. Inda masu tsaro suka ce kada a bi, to, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hujja ta uku ta shafi al'ada. Ƙa'idar nan ta kowa tasa ta fisshe shi ta yi hannun riga da tarbiyyar Bahaushe, wanda ya ce baƙonka annabinka, kuma ba zai ga matafiyi a ƙofarsa ya hana shi ruwa ba. A nan ne gadon fatauci ya fi tsarin da aka aro, domin falke ba ya tafiya shi kaɗai. Ko a manyan gasannin ma akwai rukunin masu tafiya bibbiyu. Saboda haka gasar makaranta ta kasance ta ayari: ɗalibai huɗu ko biyar da madugunsu, su tashi tare su isa tare, a rubuta lokacin ayari da isowar na ƙarshensu. Ruwan da mutanen gari suka bayar halal ne ga kowa. Abin da aka hana shi ne a ɗauki ɗalibi a babur, ko a yanke hanya. Tunda malami ba zai iya kasancewa a kowace kwana ba, amana ce za ta tsare dokar, kuma wannan shi ne darasi mafi tsada a cikin tafiyar baki ɗaya.

7.0 Kammalawa

An ga yadda tseren keke mai dogon zango yake a duniya, da yadda ƙa'idojinsa suka yi kama da na fatauci, da irin shirin da yake bukata, da kuma gyaran da ya wajaba a yi masa kafin a kai shi makaranta. Malamin da aka tura Yako ko Tiga ko Doguwa ba sai ya jira wata hukuma ta kawo masa kayan aiki ba. Zai iya farawa da kekuna biyar na aro, da mai faci guda, da tafiyar wuni ɗaya zuwa garin da ke maƙwabtaka a dawo kafin la'asar. Idan suka dawo, sai kowane ɗalibi ya rubuta labarin tafiyar da Hausa, ya yi amfani da zango da guzuri da jagaba da madugu a muhallinsu. A shekara ta gaba a ƙara nisa, a gayyaci makaranta ta biyu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.